Kwali Uku a Garejin Zdzisław

Motata ɗaya ce, aikinta biyu.
Litinin zuwa Juma'a tana kai Jagoda makaranta,
ta biya kasuwa ta ɗauko dankali da kabeji.
Lahadi ɗaya a wata kuwa
sai in cire kujerar yarinya daga baya,
in kifa hular kwano, mu nufi filin tsere na Poznań.

Wancan karon, a zagaye na shida,
na taka birki gab da kwanar da na fi sani,
ƙafata ta nutse kamar na taka kwaɓaɓɓen fulawa.
Ƙauri ya riga hayaƙi isowa.
Tsakuwar gefen hanya ce ta tare ni,
na zauna shiru ina jin zuciyata tana buga hular daga ciki.

Zdzisław bai yi mini jaje ba.
Ya ɗaga motar, ya kwance taya,
ya shafa faifan birkin da ya rine ya koma shuɗi,
ya ce, "Kin dafa shi, Bogumiła. Gishiri kawai ya rage."

Ya ture sifanu gefe, ya jera kwali uku a benci.
Na farko faifai ne mai huji-huji,
yana walƙiya kamar farantin ranar biki.
Idona ya maƙale a kansa, ya gani.
"Kyan ɗan maciji," in ji shi.
"A bakin kowane rami tsaga take farawa.
Kuɗinsa hayar gidanki ce ta rabin wata."

Na biyu takalman birki ne na 'yan tsere zalla,
ba sa kamawa sai sun sha wuta.
Da safiyar Janairu, ƙanƙara a kwalta,
a ƙofar makaranta, yara suna tsallakawa,
wa zai ba su wutar?
Ga ƙara kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba,
ga cin faifai kamar gara.

Ban tambayi na araha ba,
shi na sa bara, shi ya kai ni tsakuwa.

Na fito da takardar da na yi lissafi a bayanta:
zuloti ɗari tara, ba ko ɗaya a kai,
don takalmin sanyin Jagoda ya matse mata yatsu,
kuma ita ma tana bukatar abin da zai riƙe ƙasa.

Tsohon ya buɗe kwali na uku.
Faifai sumul, mai kauri, ba ado ba suna.
Takalma 'yan tsaka-tsaki,
masu jure zafi, masu farkawa da sanyi.
"Ba za su ba ki kofi ba," ya ce,
"za su dawo da ke gida.
Canjin ki sayi man birki sabo,
naki ya sha ruwa, shi ya tafasa ya yaudare ki."

Daren nan na fita bayan gari, hanya ba kowa.
Ɗari zuwa ashirin, in saki.
Ɗari zuwa ashirin, in saki.
Sau goma, ban tsaya cak ba ko sau ɗaya,
sai da ƙarfe da takalmi suka san juna,
na dawo a hankali iska tana fifita su.

Litinin, a danjar kusa da gidan burodi,
birkin ya yi wata 'yar siririyar ƙara.
Jagoda ta leƙo daga baya:
"Mama, motarki tana kuka."
Na ce ba kuka ba ne, gyaran murya take.
Wata tsohuwa da karenta suka ƙetare a gabanmu,
ba ta ko waiwayo ba.